Kunyar Tustan

Duk wanda ya taɓa zama da Malam Abdurrahim a unguwar Setapak ta Kuala Lumpur ya san Tustan, ko yana so ko ba ya so. Ka tambaye shi lafiyar iyali, kafin ka ankara ya kai ka tsibirin Sisili, ya tsayar da kai a gindin ganuwar wani gari da ya rushe tun kafin a haifi kakannin kakanninka. Ɗaliban Nijeriya da ke unguwar har sun koyi kauce masa a shagon mamak, wurin shan shayi da cin abinci na Indiyawa Musulmi, domin shayinka zai huce kana sauraron labarin mutumin da ko kabarinsa ba a sani ba.

Malamin tarihi ne a wata jami'a a gida. Gwamnati ta turo shi Kuala Lumpur ya yi digiri na biyu, ya zarce na uku, kuma a kan wannan Tustan ɗin yake rubuta kundinsa.

Tustan mutumin Normandi ne, ƙaramin ɗa a gidan da gona ba ta isa a raba ba. Ya ɗauki doki da sulke ya bi 'yan uwansa kudu neman na kansa. Ya yi wa sarkinsu yaƙi har furfura ta fara fito masa, sannan aka saka masa da sarautar Rahalmar, gari a kan dutse, daidai inda ƙasar Normandawa ta ƙare ta Musulmi ta fara. Kyauta ce da ta fi kama da horo. Mutanen garin Musulmi ne da Girkawa, ba su jin yarensa, ba ya jin nasu. Ya bar musu alƙalinsu da kasuwarsu, yana karɓar haraji da rana yana kwana da takobi a gefensa. Sarkin da ya naɗa shi yana zarginsa da sassauci, talakawan da yake mulka suna kiransa azzalumi, ba wanda ya taɓa ce masa sannu. A shekarar da fari ya cinye hatsi, amirin tsallaken kogi ya zo ya kewaye garin. Tustan ba shi da mutane, ba shi da abinci, sai ya nemi sulhu. Bisa al'adar zamanin, wanda ya nemi sulhu shi ke ba da jingina, kuma jinginar da aka nema ita ce ɗan farinsa, Odo, yaro ƙarami. Ya bayar.

Wani ɗan coci da ya rubuta tarihin garin ya ce ba a taɓa jin Tustan ya ambaci sunan yaron ba, kafin ranar da bayanta. Idan manzo ya zo daga tsallake da labarinsa, sai ya kau da kai ya shiga tambayar kuɗin sha'ir a kasuwa. Saboda wannan, duk Turawan da suka yi rubutu a kansa sun yanke masa hukunci ɗaya: mutum ne mai busasshiyar zuciya.

A nan Malam Abdurrahim ya samu abin da ya zo nema. Ranar da ya karanta wurin, sai da ya miƙe tsaye a ɗakin karatu. Wace busasshiyar zuciya? Ai wannan kunyar ɗan fari ce! Shi da ya tashi a Kazaure, a gidan da uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya nuna ya san da zamansa a gaban mutane, ya gane Tustan kamar maƙwabcinsa. Abin da ka fi so shi kake ɗauke kai daga gare shi. Farfesan da ke duba aikinsa ya ji daɗin wannan magana ƙwarai, ya ce ita ce zuciyar kundin. Tun daga nan Malam yake tafiya kamar wanda ya wanke ɗan uwansa daga sharri a gaban alƙali.

Shi ma yana da ɗan fari, Lawal.

Da aka yaye Lawal, mahaifiyar Malam, Inna Daso, ta ɗauke shi kamar yadda aka saba. A gadonta yake kwana, a kwanonta yake ci, sunansa kuwa har waƙa take yi da shi. Ga baffanni, ga gwaggwanni, kowa na ja. Yaron bai ma lura akwai wani mutum a gidan da ba ya kallonsa ba. Da tafiya ta tashi, matar Malam, Hureira, ta kafe sai da ɗanta, aka taho da shi yana ɗan firamare. Ba su daɗe ba Inna Daso ta rasu.

Hureira ma ta taho da tata kunyar, amma ba ta kai ko'ina ba. Wata rana yaron ya dawo daga makaranta yana kuka saboda an yi masa dariyar baƙar fata, ta duba hagu ta duba dama ba kaka ba gwaggo, sai ta rungume abinta ta kira sunansa, shi ke nan. Ta sha gaya wa mijinta ya yi haka.

"Malam, a Kazaure idan ka ɗauke kai akwai mutum goma da za su dube shi. Nan idan ka ɗauke kai, bango yake gani."

"Haka mahaifina ya yi mini," in ji shi. "Me ya same ni?"

Ta dube shi kawai ta ci gaba da yankan albasa. Akwai tambayoyin da mace mai hankali ba ta amsawa.

Kada a yi masa rashin adalci, Malam yana son yaron nan, so mai ciwo. Ranar da sakamakon jarrabawar gama sakandarensa ya fito da kyau, ya ce "To, madalla" yana kallon fanka, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya faɗi ya yi sujada yana hawaye. Kowace safiya idan ya sauka, sai ya bi ta wurin da Lawal ke ajiye babur ɗinsa ya matsa tayoyin da yatsa, ya taɓa birki, ya wuce kamar ba shi ba. Amma Lawal bai ga sujada ba, bai ga yatsa a kan taya ba. Abin da yake gani shi ne ƙanwarsa Nuriyya, wadda aka haifa a nan, a kan wuyan Baba, ana kiran sunanta daga safe har yamma. Shi kuwa sunansa "kai", wani lokaci "wancan", idan abin ya yi daɗi "yaron nan". Ya girma ya zama saurayi mai shiru, Turanci da Malay sun fi Hausa sauƙi a bakinsa. Yawancin yininsa a shagon gyaran babur na Pak Cik Osman yake yi, wani dattijo Bamalaye a tsallaken titi, wanda ke ƙwala masa kira tun daga nesa ya zo su ci abinci.

Da can abin yana ɓoyuwa, domin uba na ɗakin karatu, ɗa na makaranta ko shago. Sai annobar korona ta zo, aka kafa dokar kulle, aka cusa su huɗu a gida mai ɗaki biyu a saman bene. Falon da ko tabarma biyu ba za su shimfiɗu ba, a nan Malam ya kafa teburinsa da Tustan. Sai ka ga uba da ɗa sun yi kiciɓis a ƙofar banɗaki, kowa ya manne da bango. Lawal na zaune a gabansa, amma sai ya ce, "Nuriyya, gaya wa wancan ya rage ƙarar wayarsa." Yarinyar ta juya ta faɗa da Turanci, tana dariya, ta ɗauka wasa ne.

A shekara ta biyu ta annobar, lokacin da cutar ta fi tsananta a birnin, zazzaɓi ya kama Lawal, gwaji ya nuna ita ce. Numfashinsa ya fara nauyi. Malam ne ya kai shi wurin tantance masu cutar, wani babban zaure cike da kujerun roba da mutane masu tari. Rana ta take, layi ya yi tsawo, yaron na rangaji. Sau biyu hannun Malam ya tashi zai riƙe shi, sau biyu ya koma aljihu.

Da suka isa gaban teburin, wata ma'aikaciya cikin rigar leda ta ga mara lafiyar ba ya iya tsayuwa sosai, sai ta juya ga uban.

"Nama anak?"

Ya ji ta sarai, sunan ɗansa take tambaya. Ya shiga laluben jaka yana neman fasfo. Ta ɗauka bai jin Malay, ta maimaita da Turanci, da ƙarfi, yadda ake yi wa baƙo. Ya zaro fasfon ya miƙa mata a buɗe. Hannunta da safar roba, ba ta son taɓawa.

"Just say lah, uncle. Your own son, you don't know his name?"

Wasa take yi, har idonta na murmushi a saman takunkumi. Malam ya buɗe baki. Sunan na nan a kan harshensa, amma ga yaron a gefensa yana ji, ga mutane. Bakin ya rufe kansa.

"Lawal," in ji yaron, da muryar da ta dushe. "Lawal Abdurrahim." Ya faɗi haka yana kallon ubansa, ba ma'aikaciyar ba.

Aka wuce da shi cibiyar killacewa. Kwanakin da ya yi a can Malam bai ci abin kirki ba, azumi yake ta yi ba wanda ya sa shi. Idan Lawal ya kira uwarsa a waya, sai ya taso ya tsaya a bakin ƙofar kicin, kunnensa duk yana kan numfashin yaron, yana auna ko ya fi na jiya. Hureira ta miƙo masa wayar, ya girgiza kai ya nuna mata da hannu ta ci gaba.

"Baba yana nan?" Lawal ya tambaya wata rana.

"Ga shi tsaye."

Malam bai matso ba. Sai yaron ya ce batirinsa zai mutu.

Allah ya yi da sauran kwana, ya dawo gida a rame, wuyansa kamar na zakara. Makonni kaɗan bayan haka ranar kare kundin Malam ta zo, kuma saboda kulle ta kwamfuta za a yi. Ya sa babbar riga a falo, Hureira ta shige kicin da Nuriyya, Lawal na kwance a ɗaki. Bangon gidajen Setapak kuwa ba kauri, ko atishawa maƙwabci ya yi sai ka ji ka yi masa addu'a.

Malam ya yi rawar gani, wannan gaskiya ce. Ya bi rayuwar Tustan tun daga sanyin Normandi har zafin Rahalmar. Da ya zo kan jingina muryarsa ta yi laushi. Odo, Odo, Odo, sunan na fita daga bakinsa kamar shi ya raɗa masa. Ya ce su yi tunanin uban da ke tsaye a kan ganuwa yana kallon ana haye kogi da Odo, ba halin ya ɗaga hannu. Ya ce a ƙasarsu mutum ba ya kiran sunan ɗan farinsa, kuma wannan shirun ba ƙiyayya ba ce, so ne da ya yi wa baki nauyi. Har ya ƙara da cewa shi kansa shaida ne, yana da ɗan fari a cikin gidan nan, kuma ba abin da ya fi so a duniya kamarsa.

Cikin masu jarraba shi akwai wata Baturiya tsohuwa daga wata jami'ar Turai. Ta yaba, sannan ta ce tana da 'yar tambaya. Me ya faru da shi Odon?

Malam ya ɗan gyara hula. Ya ce yana nan a ƙasan shafi, cikin ƙananan bayanai. Da wa'adin sulhu ya cika aka buɗe masa hanya ya koma, sai ya ƙi. Ya zauna wurin amirin da ya rene shi, ya yi aure a can. Tustan ya mutu a kan dutsensa ba su sake ganawa ba.

Ta ce ya kamata wannan ya hau cikin shafi, kada a bar shi a ƙasa. Gyaran da aka ba shi ke nan. Aka taya shi murna, aka kira shi Dakta.

Hureira ta rangaɗa guɗa a hankali saboda maƙwabta, aka aika a yi tapau, wato a ƙunso shinkafa da kaza daga mamak. Suna shirin ci sai ga Lawal ya fito yana dafa bango. Ya tsaya a gaban teburin.

"Congratulations, Baba."

"To," in ji Malam, yana kallon kwamfuta.

"Na ji komai. Bangon ba kauri." Ya tsaya yana neman Hausar. "So you can say it. Ka iya faɗa. Ka gaya wa Baturiya da ba ta san ni ba. Ni ina nan, ɗaki ɗaya tsakaninmu, tun ina primary."

Hureira ta ajiye cokali. Nuriyya ta daina tauna.

"Shi Odo ɗin, Baba, wani ya gaya masa kunya ce? Ko shi ma sai bayan ya mutu aka yi thesis?"

Ga ƙofa a buɗe, ko makaho ya ga haka. Kalma ɗaya ake nema, kuma Malam ya san ta. Amma abin da ya ji a ransa shi ne an tsiraita shi a gaban matarsa da 'yarsa, yaron da ya haifa ya tsaya a kansa yana yi masa tambaya. Kunya ta juye ta zama fushi, kamar yadda take yi wa irinsu.

"Kai! Da wa kake magana haka? Wannan ce tarbiyyar da ka koyo a shagon bakanike?"

Lawal ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Yi haƙuri," ya koma ɗaki ya ja ƙofa a hankali. Shinkafar ta huce a cikin takardarta.

Daga ranar yaron ya canza, kuma canjin da kowane uba zai yi alfahari da shi ne. Idan Malam ya shigo falo sai ya tashi ya ba shi wuri. Da safe ya durƙusa ya gaishe shi, ido a ƙasa, da Hausa tsantsa. Ba gardama, ba tambaya, ba kallo. Malam har ya ce wa Hureira, "Kin gani? Ya fara hankali." Ita kuwa kuka ta shiga yi a kicin.

Da aka sassauta kulle, takardu suka kammalu, lokacin komawa gida ya yi. A nan Lawal ya gaya wa uwarsa, ba ubansa ba, cewa ba zai bi su ba. Ya samu gurbi a wata kwaleji a nan Setapak, an ba shi izinin zama na ɗalibi, Pak Cik Osman ya ba shi ɗaki a saman shago. Ya kai shekarun da ba mai ɗaukarsa a kafaɗa.

"Ka yi masa magana," in ji Hureira. "Ba umarni ba, Malam, ya gaji da umarni ta bakin Nuriyya. Ka kira shi da bakinka ka ce kana so ya zo. Wallahi zai zo."

Ya ce zai duba. Ya yi ta dubawa har aka ɗaure akwatuna, har aka yi gwajin korona na tafiya, har safiyar tashi ta zo. Lawal ya sauko musu da kaya tun da wuri, ya yi sallama da uwarsa da ƙanwarsa a sama, ya tsallaka shago. Motar da za ta kai su filin jirgi ta iso, direba na loda kaya. Hureira ta zauna a baya, idonta jawur.

Sai a lokacin tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya ce wa direba ya jira. Ya tsallaka titi da babbar rigarsa, yana maimaita sunan a cikin takunkumi kamar mai bitar karatu.

Lawal na tsugune a gefen wani babur, ya ba shi baya, hannunsa duk baƙin mai. Pak Cik Osman ya ɗago ya yi wa baƙon murmushi, ya matsa ciki ya ba su wuri. Malam ya sauke takunkumin zuwa haɓa.

"Lawal."

Sunan ya fita a karkace, kamar kalmar wani yare. Bayan yaron ya ɗan motsa. Ya ajiye sifana, ya goge hannu a tsumma, ya juyo ya durƙusa har ƙasa, kansa a sunkuye.

"Na'am, Malam."

Bai taɓa kiransa Malam ba sai yau.

"Ka... ka taso mu tafi gida. Ina so ka zo."

"Allah ya saka da alheri, Malam. Karatu ya riga ya fara."

"Ɗago ka dube ni."

"A'a, Malam, wane ni."

Malam Abdurrahim ya tsaya yana kallon tsakiyar kan ɗansa. Ya nemi abin da zai kama ya yi faɗa a kai, ko rashin kunya, ko ɗaga murya, ko harara, bai samu ko ɗaya ba. Ladabi ne cikakke, irin wanda da a Kazaure ne da an nuna wa yaran unguwa a ce su yi koyi. Ya miƙa hannu zai dafa kan, amma bai san yadda ake yi ba, hannun ya tsaya a iska.

"Allah ya kiyaye hanya," in ji Lawal, yana kallon siminti. "A gaida mutanen gida."

Direba ya danna hon a tsallaken titi. Yaron bai tashi ba, domin ɗa mai tarbiyya ba ya miƙewa sai babba ya wuce, kuma a haka ya zauna a durƙushe yana jira ubansa ya tafi.